Allurar da Aka Bari Sai Bayan Arba'in

Ƙanwata ta zo gida haihuwar fari a shekarar da taki ya fi ƙarfin kowa, muka shuka gero haka nan muna kallon sama. Ƙauyenmu can bayan Minjibir yake, gona manne da gona, in ka yi tari maƙwabci ya ce maka sannu.

Ta ɗan je awo kafin tsadar mota ta hana ta. A can ma'aikaciyar asibiti ta auna jininta, ta ce irin wanda ba kowa ke da shi ba ne. In jinin jariri ya bambanta da nata, jikinta zai ɗauke shi abokin gaba, kuma ba zai manta ba. Na fari zai tsira, na bayansa ne za su sha wuya. Akwai allurar da ke hana haka, sinadarin garkuwar jiki ne da ake haɗawa a ɗakin gwaji, amma sai an yi ta cikin kwana uku da haihuwa.

Ta sauka lafiya a ɗakin Inna, ta sami namiji. Ni ta raɗa wa maganar allurar, don mai ɗan fari ba ta zancen haihuwa a gaban manya, kallon yaron ma sai a sace. Na kai wa Inna.

"Mai jego ta hau babur da ɗanyen jiki?" in ji Inna. "Ke da hankalinki? In sanyi ya shige ta fa? Allura ai ba ƙafa gare ta ba. A yi arba'in tukuna."

Ba mugunta ba ce. Inna akuyarta ta sayar ta sayi itacen wanka, safe da yamma tana tafasa ruwa, tana dama kunun kanwa, a shekarar da wasu ke cin rama ba ƙuli. Ban taɓa ganin jegon da aka tattala kamar wannan ba.

Da aka yi arba'in ƙanwata ta ci ado, ta biya asibiti a hanyar gaishe-gaishe. Aka ce mata ta makara.

Na biyu ya zo da shawara, idonsa rawaya kamar ƙwaiduwa, bai kai ranar suna ba. Na ukun ma haka. Mata suka fara ce mata mai wabi, ita kuwa ta daina tanadin kayan jariri in tana da ciki. Wannan yana ci mini rai har yau.

Ranar da ta haifi na huɗu, Inna ba ta jira ruwa ya tafasa ba. Ita da kanta ta nemo mota, ta rungume jaririn, muka tafi. Tun daga ƙofar asibiti take cewa allurar muka zo, yau ta haihu, ba mu makara ba.

Ma'aikaciyar ta ce a hankali, "Inna, riga-kafi ce, ba magani ba. Jikinta ya riga ya koya. Yanzu jaririn za mu duba."

Inna ta shiga ƙoƙarin kwance bakin zaninta, inda take ƙulle kuɗi. "To 'yar nan, a yi mata biyu mana," ta ce. "Da ta yau da ta wancan karon."

Aka karɓi jaririn daga hannunta aka shiga da shi ciki. Shi ma ba a yanka masa rago ba.