Maganin Mahaifiyata da Na Ɗibar wa Kawu

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Wurno, mahaifiyata ta yi fama da ciwon gaɓoɓi, irin wanda yatsu ke kumbura su ƙage da safe. A asibiti a Sakkwato aka auna jininta, aka ɗora ta kan wasu ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa. Cikin wata uku ta koma tuƙa tuwo da kanta. Ni ke ba ta maganin, kuma da yake na taɓa zaman wata shida a shagon magani, sai nake jin kaina rabin likita.

Ranar wata Juma'a ƙaninta ya zo daga Kagara. Masunci ne a dam ɗin Goronyo. Ya ja ni gefe ya nuna mini hannuwansa, sun kumbura kamar nata, ko raga ba ya iya ɗinkewa.

"Wanga magani da yay yi ma yaya aiki, ɗibam mani kaɗan. Amma kak ka hwaɗa mata."

Ban ko yi jim ba. Ciwo ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ina matsalar? Na ƙirga masa na sati biyu a leda.

Kwana uku matarsa ta kira ni, wai fitsarinsa ya canza launi. Na yi dariya irin ta masana, na ce haka maganin yake, mahaifiyata ma an gaya mata zai yi rawaya. Wannan dariyar har yau ina jin kunyarta.

A rana ta biyar muka je Kagara ni da mahaifiyata. Kawu na kwance, idanunsa sun yi rawaya, yana haki kamar wanda ya yi gudu. Fitsarin da aka nuna mini a gwangwani baƙi ne kamar shayin da ba madara. Dattawa suka ce ciwon shawara ne, har an ɗora saiwoyi a wuta. Ni kuwa na san abin da na sani. Matarsa ta dube ni, na kau da kai. Da ƙyar na lallashe su muka sa shi a mota.

A asibiti likita ta ja fatar idonsa ƙasa, ta ce jininsa ya kusa ƙarewa. Ta tambaya ko ya sha wani magani kwanan nan.

Kawu ya girgiza kai. "Ban sha komi ba."

Rufa mini asiri yake yi, yana kwance yana mutuwa. Mahaifiyata na tsaye kusa da ni. Likita ta ce in ba ta san abin da ya sha ba, lalube za ta yi, kuma ba shi da lokacin lalube.

Na ce, "Ni na ba shi. Maganin Inna ne."

Mahaifiyata ta juyo a hankali. "Mi kac ce?"

Sai na zaro ledar daga aljihun rigar Kawu na miƙa wa likita.

Aka tsayar da maganin, aka ƙara masa jini leda biyu. Da ya farfaɗo, likita ta yi mana bayani. Akwai wani sinadari da ke kare jini, wasu ana haihuwarsu da ƙarancinsa, gado ne ta wajen uwa kuma ya fi kama maza. Mutum zai tsufa bai sani ba, sai ranar da ya sha irin wannan magani jinin ya fara fashewa. Abin da aka auna wa mahaifiyata ke nan tun farko. Nata lafiya lau, na ƙaninta kuwa ba haka ba.

Kawu ya warke, aka ba shi wani maganin daban, ya koma ruwa. Har yanzu in ya gan ni sai ya ce, "Likita, mi za mu sha yau?" Mu yi dariya, amma tawa ba ta kaiwa ciki.

Yau ko maganin ciwon kai aka roƙe ni, gara a ce mini marowaci. Mahaifiyata ba ta taɓa yi mini faɗa a kan wannan magana ba, ko sau ɗaya. Sai dai muna dawowa gida ta kwashe magungunanta ta kulle a adaka, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Shekara tara ta yi a duniya bayan nan, idonta har ya daina ganin rubutu, amma maƙwabciya take kira ta karanta mata, ina zaune a tsakar gidan.