Ruwan Wankan da Na Ƙara Wa Wuta

Haihuwar fari ce, don haka 'yata ta dawo wurina a Gwaram wankan gida. Ni kuwa a unguwarmu an san ni da wankan jego. Ruwana sai ya tafasa yana tsalle nake saukewa, in tsoma ganyen darbejiya in fyaɗa wa mai jego har ta kira sunan Allah.

Sati uku da haihuwa ta ce, "Inna, ƙafata ta hagu kamar ba tawa ba." Bayan kwana biyu kuma, da ta fito daga wanka, ta ɗauki jaririyar ta ƙura mata ido ta ce ba ta ganin fuskarta, sai dishi-dishi.

Na ce sanyi ne ya shige ta, me kuma? 'Yan matan yanzu da son jiki! Na ƙara itace, na mai da wankan sau uku a rana. Kullum ta fito sai na riƙo ta, tana jan ƙafa. Can da hantsi ta ɗan warware, ni kuma in ce ga shi nan, zafin ya fara aiki.

Mijinta ne ya gaji, ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, a yi haƙuri, asibiti za mu." Na bi su ina mita. A Birnin Kudu aka duba ta, aka tura mu Kano ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa.

Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ta ce jijiya kamar wayar lantarki take, da rigarta. A jikin 'yata rigar ce ke zagwanyewa a wasu wurare, shi ya sa saƙo ba ya isa ƙafa da ido daidai. Ciwon yakan taso bayan haihuwa. Surukina, mai yawan karance-karance a waya, ya ce ya ji ana dasa sababbin ƙwayoyin halitta su sake ɗinka rigar. Ta ce gaskiya ne masana na kan aikin, amma har yanzu gwaji ne, kada wani ya ruɗe mu. Akwai dai magani da za a fara yanzu. Sannan ta tambaya, "Yaushe abin ya fi tsananta?"

'Yata ta saci kallona. Ni na amsa da bakina, na ce bayan wanka. Na faɗi yadda nake dafa ruwan, ban rage komai ba.

Likitar ta ce masu wannan ciwo zafi ne ba sa so.

Na ce, "Likita, faɗa mini tsakaninki da Allah, ni na nakasa ta?"

"A'a, Inna. Ba ke kika sa mata ciwon ba. Zafin yana tsananta alamun ne na ɗan lokaci, in jiki ya huce su lafa. A daina kawai."

Ban san sanda na fashe da kuka a gaban surukina ba, ko kunya babu.

Muka dawo da magani, na koma sirka ruwa kamar na jariri. Maƙwabta suka yi ta tsegumi, wai na tsufa na yi laushi. Na ce su ci kansu.

Ciwon yana nan, an ce zai iya dawowa, kuma muna zuwa Kano a kai a kai. Amma kwana biyu kafin arba'in ina tankaɗe a tsakar gida ta fito daga ɗaki da ƙafarta, ba dafa bango. Ta zauna a tabarma ta juya jaririyar wajen haske, ta daɗe tana kallo.

"Inna," ta ce, "ashe hancinki ta kwaso kaf. Kuma duk kuka yi shiru ba wanda ya gaya mini."

Na ce ta gode wa Allah, ba kowa ke samun irinsa ba.