Injin ban-ruwan da na saya ta waya

Ina buɗe kwalin sabon injin ban-ruwa a Kalgo, sai na tsaya ina kallo. Ga ɗigon koren fenti, alamar da kawuna yake yi wa kayan shagonsa a Gwandu.

Sati biyu ina duba farashi a waya, kowa da nasa, har kaina ya ɗaure. Na zaɓi wanda na ɗauka ya fi araha.

Na kira Kawu, na faɗa masa kuɗin da na biya. Ya ce, "Shekaranjiya wani ya saye shi nan. Abin da ya ɗora maka ya isa buhun taki. Mi ya hana ka tambaye ni?"

Shagon duniya na leƙa, ban leƙa na gida ba. Ko ni kaɗai ne?