Littafin da Ya Rasa Tabarma

Garinmu yana ƙarƙashin ruwa. Haka nake faɗa wa jikokina in sun tambaye ni inda aka haife ni, sai su yi dariya su ce ashe kakarsu kifi ce. Tun da aka tare ruwa a Tiga, ya hau gonakinmu a hankali, ya hau masussuka, ya shiga zauruka ba sallama, sai aka kwashe mu aka watsa. Wasu suka yi Dangora, wasu Tudun Wada, wasu suka bi aikin kuza har Riruwai. Mu muka zauna a sabon matsuguni ta wajen Bebeji, muna kallon ruwan da ya ci mu, muna kuma cin kifinsa.

A lokacin maigidana ya riga ya rasu. Ina zaune a gidan yayana, ina kyafa kifi ina kaiwa kasuwanni. Yayana malami ne mai ƙarancin magana. Amma tun da muka tashi sai ya tsiri wani abu. Da hantsi zai zauna a inuwar danga da alƙalami da tawada, yana rubuta waƙa da ajami, wato Hausarmu da baƙaƙen Larabci. Waƙar garinmu ce. Gida-gida ya bi shi, daga ƙofar gabas har marina. Ya sa rijiya, ya sa tsamiyar da ke kusa da ita, ya sa 'yan mata masu ɗiban ruwa da gangar noma ranar gayya.

Ni ban san baƙi ko ɗaya ba. Sai dai in yana rerawa ƙasa-ƙasa, hayaƙin kifi yana ratsawa tsakaninmu, nakan ga kaina a lungun maƙera da tulu a ka, ƙasa da ɗumi a tafin ƙafata. Har sai kifi ya soma ƙonewa nake dawowa.

Burinsa ɗaya ne, waƙar ta isa hannun mutanenmu da aka watsa, tun tsofaffin da suka san garin suna da rai.

Ya kai ta Kano wurin wani mai ɗab'i, mutum mai inji ɗaya a ɗan shago. Aka buga ta da rubutun hannunsa, 'yan littattafai sirara masu koren bango. Mai ɗab'in ya ce shi bugu ya iya, kaiwa ba aikinsa ba ne. Ya haɗa shi da wani Alhaji mai yawo da littattafai kasuwa-kasuwa, wanda yake cin Dangora da Tudun Wada, yana hawa har Riruwai. Yayana ya ce ai nan ne mutanenmu suke. Ya danƙa wa Alhajin buhun littattafan gaba ɗaya, guda ɗaya tak ya riƙe, ya dawo gida yana jira.

Damina ta wuce, kaka ta wuce. Duk ranar da na dawo daga kasuwa, kafin in sauke kwando zai tambaye ni.

"Kin ga wani namu?"

"Na gani, Yaya."

"Ya ce wani abu?"

"Ya ce a gaishe ka."

Sai ya ce madalla, ya juya fuskarsa wajen ruwa. Abinci ma ya rage ci. Ya daina zama da alƙalami.

Wata ranar kasuwar Tudun Wada na nemi rumfar Alhajin. Na same shi da shimfiɗa biyu. Ta dama a kan katako take, an ɗaga ta daga ƙasa, littattafan addini ne a jere a kanta. Ta hagu tabarma ce a ƙasa, ta littattafan boko, 'yan makaranta suna tsallakawa suna juyawa. Na duba nan, na duba can, ban ga koren bango ba. Na durƙusa na gaishe shi, muka gaisa har gida da iyali, sannan na ce ni ƙanwar malamin nan ce mai waƙar garin da ruwa ya ci.

Ya shafa gemunsa.

"Baba, littafin yayanki ya ɗaure min kai."

"Da me, Alhaji?"

"Ranar farko na ɗora shi a kan katako. Wani malami ya buɗe, ya ci karo da 'yan mata a bakin rijiya da kiɗan ganga. Ya ce min, Alhaji, yaushe ka soma haɗa wannan da littattafan fiƙihu? Na ji kunya, na sauke."

"To ga ɗaya tabarmar."

"A ƙasa? Da Bisimilla ya fara, da salatin Annabi. Yaran nan su riƙa tsallake shi? Ba da ni ba. Kuma su ba ajami suke nema ba."

"Yanzu ina yake?"

Ya nuna bayansa. Ga buhun nan a rataye jikin dirkar rumfa, igiyar yayana ce ɗaure a bakinsa har yanzu. Ashe duk watannin nan littafin yana yawo. Ya je Dangora, ya hau Riruwai, ya sauko, ya koma, yana rataye a bayan Alhaji, mutanenmu suna wucewa ta gabansa. Na tsaya ina kallon buhun. Sai na ga kamar garinmu ne aka sake ɗaurewa a cikin duhu, da rijiyarsa da tsamiyarsa, yana jin muryoyin 'ya'yansa a waje.

"Me ya hana ka aiko masa?"

"Da wace fuska? Malami ne. In ce masa waƙarsa ba ta da wurin zama?"

Ba mugun mutum ba ne. Da hannu biyu ya sauko min da buhun. Na ƙasa sun sha laima sun manne da juna, sauran suna nan lafiya.

Sai ga ni da irin damuwar Alhaji. Hannuna duk ƙarnin kifi, kwandona na kifi. Na roƙi ruwa da toka wurin mai tuwo na wanke hannu, na kwance mayafina na naɗe littattafan, na ɗora su a ka, na rungumi kwandon kifi a kwiɓi. Mata suna ta tsokanata, wai yau kifi ya sauka daga mulki.

Ban gaya wa yayana zancen tabarma ba. Cewa na yi Alhaji ya gaji, na karɓo. Daga nan duk kasuwar da na ci, da ɗaurina a ka. In na hangi fuskar da na sani, sai in ce ga saƙo daga Malam. Da yawansu ba su iya karatu ba. Su karɓa da hannu biyu, su sa a aljihun gaba, su ce Allah ya saka. Na san wasu a rufin ɗaki suka soke shi don albarka. Yayana yana ta tambayata, ni ina ta kawo masa gaisuwa.

Sai da rani, ruwa ya ja baya, aka yi sallama a ƙofar gida. Tsohon maƙerin garinmu ne, abokin wasan yayana tun suna yara, ya taso tun daga Riruwai. Ko ruwa bai gama sha ba ya zaro koren littafi, duk ya yi baƙi da gawayi.

"Malam, an karanta mana a maƙera, mun taru mun ji. Amma ka yi mana ɓarna."

"Wace ɓarna, sarkin hayaƙi?"

"Tsamiya. Ka ce tana gabas da rijiya. Yamma take."

"Gabas take. Kai da ka ƙare rayuwarka kana kallon wuta, yaushe ka ga tsamiya?"

"A gindinta aka yi min aski, Malam. Kai kam tawada ta shiga idonka."

Suka yi ta yi har la'asar. Daga baya suka tashi suka nufi bakin ruwa, na bi su a baya. Can nesa kawunan matattun itatuwa sun leƙo, farare, balbelu a kansu. Wannan ya nuna ɗaya da sanda ya ce ita ce, wancan ya nuna wata. Rijiyar kuwa ba mai ganinta. Ba wanda ya saki.

A ranar, yayana ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari. Yana ci yana tambayar maƙeri su wane ne suka taru, wa ya yi kuka, wa ya ce an manta da gidansa.

Dukansu biyu sun daɗe da rasuwa. Ni ma in na rufe ido yanzu, wata rana ina ganin tsamiyar a gabas, wata rana a yamma, ruwa yana kaɗa ganyenta.