Neman Labarin Jirgin Kakana a Umdurman

Mun tashi da asuba daga Soba, ni da mahaifiyata, muka shiga hafila, ƙaramar bas ɗin nan da ba ta motsawa sai ta cika maƙil. Kuɗin mota ya sake tashi, Inna ta yi ta mita har Khartum.

Dalilin tafiyar tsoho ne. Inna tana cikin mahaifiyarta aka ɗauki mahaifinta soja a yaƙin duniya na biyu, ya shiga jirgin ruwa a Ikko, bai dawo ba. An ce ciwo ya kashe shi a teku. Kakata ta goyo ta suka biyo hanyar hajji, suka tsaya noman auduga a Jazira. Abin da ke cin ran Inna har tsufanta guda ne: an yi masa sallah kuwa? Kwanan baya muka ji labarin wani tsohon tela a Kasuwar Umdurman wanda babansa ya yi irin wannan tafiya.

Da muka hau gadar da ke tsakanin Khartum da Umdurman, Inna ta ƙanƙame hannuna. Kogi ma ke nan, ina ga teku! Raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, ta sauke mu a bakin kasuwa, muka ci ful, wato dafaffen wake, da burodi, muka ratsa layin masu yaji ina ta atishawa, har muka iso shagon telan.

Telan ya ce, "Faddalu, ya Hajja," ya aika aka kawo shayi. Hausarsa rabi Larabci ce. Ya ce babansa ya ba shi labarin yadda jiragen ke tafiya a ayari, na sojoji da na kaya a tsakiya, na yaƙi suna kewaye da su kamar makiyaya. Ba sa miƙe hanya, sai karkace-karkace, don gudun jirgin ƙarƙashin ruwa. An hana kunna ko da ashana. Mutanenmu da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba suka yi ta amai, ga alƙibla tana juyawa ana tsakiyar sallah. Na yi ta jero tambayoyi har Inna ta zungure ni.

Ta faɗi sunan mahaifinta. Telan ya girgiza kai.

"Ban san shi ba, Hajja, ba zan yi miki ƙarya ba."

Inna ta ce, "To, wanda ya rasu a ciki fa, yaya ake yi da shi?"

"Babana ya ce a jirginsu ba a taɓa sakin Musulmi a ruwa haka nan ba. 'Yan uwansa ke yi masa wanka, su naɗe shi da bargo, su yi sahu su sallace shi."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Shayinta ya huce ba ta taɓa ba.

La'asar ta same mu a gida. Ba mu samo jirgin kakana ba, amma na gane ba labarin yaƙi Inna ta je nema ba. Da ta idar da sallah ta kira jikokinta, ta zaunar da su, a karo na farko ta koya musu sunansa.