Ranar Da Ƙusa Ta Ƙare Mini

Ko da zan manta duk ƙofofi da gadajen da na yi a garin Gummi, akwai aiki ɗaya da ba zai fita raina ba har in koma ga Allah. Shekaru sun ja, amma har yau in na ɗauki ƙusa 'yar inci shida sai gabana ya ɗan faɗi.

Ni kafinta ne, kuma a lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Abin da aka san ni da shi shi ne aikina ba ya motsi. Gadon da na yi wa Inna tun ina saurayi, har yanzu jikoki na tsalle a kansa.

Masu dawakin garinmu suna da wata al'ada. In an yanke shinkafa, fadama ta sha iska, sai su fita sukuwa suna tsallake ramukan ban-ruwa da kututturan itace. Ƙanena na cikinsu, magidanci ne da 'ya'ya uku, amma da ya hau akawal ɗinsa, wato baƙin dokinsa, hankali ya tafi. Ana haka wani mahayi daga wajen Bukkuyum ya zo, dokinsa ya daki kututture ya wuntsila ya danne shi. Har yau da sanda yake tafiya.

Wannan ne ya tayar da hankalin wani dattijo, tsohon malamin dabbobi da ya daɗe yana aiki a wani filin wasan dawaki a birni kafin ya dawo gida. Ya tara mahayan ya ce tunda ba za su daina ba, to a yi abin da tsari. Kowa ya sa hular kwano, a bi hanyar da ƙafa a cike ramukan gafiya, sannan maimakon kututture a yi shinge biyar na katako. Ni ya kawo wa aikin.

Ya ce, "Malam kafinta, turakun ka yi su da ƙirya, ka kahe su da kyau. Amma gungumen na bisa, kada ka sa mai ƙusa ko guda. Ka aza shi bisa ɗan siririn fegi na hwarin katako, wanda in doki ya buge shi da ƙarhi zai karye, gungumen ya hwaɗi."

Na ce, "Baba, ya hwaɗi hwa ka ce?"

"Awo, ya hwaɗi."

"To, minene amfanin shingen da zai hwaɗi?"

Sai ya zare fensirin da ke kunnena, ya ɗora a kan yatsunsa biyu, ya mai da ɗaya hannunsa ya zama doki. Ya nuna mini cewa in ƙafafun gaba suka daki gungumen da ya ƙi motsi, gaban doki ya tsaya ke nan, bayansa kuwa bai tsaya ba, sai ya juye a kan wanda ke bisa. Na yi ta gyaɗa kai don girmansa, amma wallahi ban gane ba. Ni dai a sanina, tsani mai ƙarfi shi ke tsare mutum, rufi mai ƙarfi shi ke tsare mutum. Yaya za a ce a wannan wuri kaɗai rauni ne tsaro? Na yi masa yadda ya ce, raina na ƙi.

Aka sa ranar wasa, ana gobe za a yi aka fita gwaji. Wani doki ya taɓa shinge na biyu, fegi ya ce ƙas, gungume ya zube. Wuri ya ɗauki dariya. Ɗan kawuna, abokin wasana da ba ya raga mini, ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Kai, kafinta! Ashe aikinka shina hwaɗuwa? Bari in tahi gida in ce ma matata ta sauko daga bisa gadon da ka yi muna!"

Na yi dariyar yaƙe, amma maganar ta soke ni. Gobe mutanen Anka za su zo, na Bukkuyum za su zo, a gabansu za a ce aikin wane ne ke zubewa kamar zanar da gara ta ci? Har na soma gaya wa kaina cewa tsufa ne ya fara taɓa dattijon, kuma in na ƙarfafa shingen taimakonsa na yi.

Washegari da hantsi, kafin jama'a su taru, na ɗauki guduma na kwashi ƙusoshin da suka rage a gwangwani na nufi fadama. Ta ƙasa na riƙa kafa su yadda ido ba zai gani ba, biyu a kowane shinge. Da na zo na biyar, wanda ke bayan ramin ban-ruwa, na laluba aljihu na ji wayam. Ashe takwas na ɗebo. Abin dariya, abin kuka, na dawo ina jin nauyin na bar shinge ɗaya ba ƙarfi, ina roƙon Allah kada shingen ya cuci wani.

Ƙanena ne aka fara saki. Yana wucewa ta gabana ya ce, "Yaya, a yi mini addu'a," ya danna hular kwanonsa. Ya tsallake na farko, na biyu, na uku, na huɗu, ina ta murmushi ina kallon yadda aikina ya tsaya cak. Da ya haye ramin ban-ruwa, laka ta riƙe ƙafar akawal, ya makara wajen tashi. Na ji ƙarar duka, na ji ƙas, na ga gungume ya yi ƙasa. Dokin ya durƙusa a kan gwiwa, ƙanena ya sulale ta gefen wuyansa ya mirgina cikin karan shinkafa. Kafin in isa ya miƙe yana tofar da ƙasa, yana tambayar lafiyar dokinsa.

Ni kuwa na sunkuyar da kai ina jiran zagi, don a tunanina shingen da ban kafe ba ne ya kayar da shi. Sai dattijon ya kamo hannuna, ya ja ni gaban dokin, ya nuna mini inda gashi ya saɓule a saman gwiwoyinsa biyu. Ya ce da ƙarfi, "Jama'a, ku dubi inda ya buge. Da wanga gungume bai hwaɗi ba, da yanzu likkahwani muka nema. Malam kafinta, Allah shi yi ma albarka."

Kaina ya ɗaure tamau. Ana yi mini godiya a kan shingen da na so in gyara, waɗanda na gyara kuwa suna can tsaye. Na dubi ƙanena, na dubi gwiwar dokin, sai fensirin nan da yatsun dattijon suka dawo mini a ido. A nan ne na gane. Ina ɗaga kai na hango mahayi na biyu ya gyara zama a sirdi, ana shirin sakinsa, shinge huɗu masu ƙusa na jiransa.

Ban san lokacin da na zuba da gudu ina ihu ba: "Ku tsai da shi! Kada shi taho! Na sa ƙusa! Ni na sa ƙusa!"

A gaban mutanen gari uku na durƙusa ina zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi dariya, har ɗan kawun nawa. Dattijon bai zage ni ba, ya tsaya dai a kaina har na zare ta takwas, ya karɓe su ya zuba a aljihu. Ƙanena ya yi kwana uku bai yi mini magana ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in wanda ya san abu ya ba ka aiki ba ka gane dalili ba, ka sake tambaya har ka gane, kada ka je ka gyara a ɓoye don gudun dariyar mutane. Na yi shekaru ina alfahari da abin da ba ya karyewa, amma ɗan fegin da ya karye ne ya sa 'ya'yan ƙanena ba su zama marayu ba. Da ƙusa goma na ɗebo, da hannuna ne ya kashe shi.