Littattafan Malama Mai Kifi

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayata Hajara, Allah Ya jiƙanta. A unguwarmu cikin birnin Zariya "Malama mai kifi" ake ce mata, alhali ko ƙaya ba ta taɓa sayarwa ba. Ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce, aikinta auna sinadaran da ke cikin abinci.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne jadawalin da ake dubawa a asibiti kafin a ba uwa shawarar abincin ɗanta. Kifayen ciki duk na ƙasashen waje ne, ɗanyu, ba kai ba ƙashi. "Ke Binta," takan ce mini, "wa kika taɓa gani a gidan nan ya yar da kan tarwaɗa?" Sai ta shiga kasuwa ta sayo banda, da karfasa, da 'yan ƙananan ƙawara, ta daka su yadda muke dakawa, ta auna, ta rubuta da sunan da masu kifi ke kiransu. Mu kuwa tsiya muke mata, wai ƙarni ke riga ta yin sallama. Wallahi yau ina jin kunyar wannan dariya.

Ranar rabon gado aka ware littattafanta za a ba mai ƙosai. Kawunmu ya buɗe ɗaya, ya ga kowane shafi da bisimilla ta fara shi. "Subhanallahi! Da sunan Allah za a naɗe ƙosai?" Aka ɗaure su da igiya, aka ɗora kan littattafan mahaifinmu a soro. Girmamawar ta tserar da su, amma tun ranar ba wanda ya sake kwance igiyar.

Watan jiya jikata Ummi ta rame, a asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa. Likitar, wata matashiya mai kirki, ta duba wayarta tana lissafa mana abinci. Na tambaye ta ƙawara fa? Ta daɗe tana nema, sannan ta ce, "Gaskiya, Hajiya, babu shi a nan." Da Yaya na raye, na san tsaki za ta yi: waya ta shiga hannun kowa, kifinmu bai shiga wayar ba.

Na dawo gida na kwance igiyar. Ashe gara ta cinye kusan rabi. Na zauna na yi kuka, don laifina ne. Shekara tara ina wuce soron nan. Amma shafin ƙawara na nan, a gefensa ta rubuta: "A daka da ƙashi, a zuba wa yara a fate."

Na kai wa likitar abin da ya rage. Ta ɗauki hotonsu shafi-shafi, ta tambayi sunan da za ta sa. Na ce ta rubuta Hajara.

Da la'asar na daka wa Ummi ƙawara. Ƙarni ya cika gidan har zaure, ba kuma wanda ya yi dariya.